Burodin Lantarki

Wayar lantarki ta maka mai gidan burodi da bango, ya kwanta yana salati.

Tun zaɓen saba'in da tara ya jawo ta daga turken gwamnati. Kullum yana tsoma ta a tukunyar yis tare da tsofaffin ƙusoshi, wai lantarki na ɗura wa burodinsa sinadarin ƙara jini. Duk Dandume ta shaida. Tsofaffi suka yar da sanda, wani ma ya rantse yana jin girgizar har ƙafarsa.

Matarsa ta faɗo tana guɗa. "Maigida, albishirinka! Zaɓe ya matso! Shekara huɗu turakun nan na tsaye a banza, yau dai an sako wuta!"

Ya ɗago da ƙyar. "Rage murya, masu saye na ƙofa."