Ta Kasuwar Masu Ganye

"Surukina, kai ni asibiti," in ji tsohon, yana tari. "Amma bi ta lungu, kar a gan ni."

Shekara arba'in yana sayar da agbo a Ibadan, dafaffen citta da darbejiya, yana rantsuwa babu murar da ta gagare shi. Da rantsuwar nan ya hana a kai 'yarsa asibiti bara, har mura ta sauka ƙirjinta ta kashe ta.

Mijin marigayiyar ya ce, "To, Baba. Hau."

Ya goya shi a babur, ya ratsa tsakiyar kasuwar masu ganye, a hankali.

"Ina za a kai Baba?" mata suka tambaya.

Rumfa-rumfa yake tsayawa. "Asibiti, Iya! Mura ce. Agbon ya gaza."