Ranar da Kaka Ta Bi Ta Ƙofar Gaba

Ina aji uku a firamare Kaka ta ce in raka ta laburare, daga gidanmu na Nasarawa Gwom zuwa tsakiyar Jos. Na yi mamaki, don ba ta iya karatu ba.

A bakin ginin ta tsaya ta gyara ɗankwalinta. Ta ce da can zauren Turawa masu haƙar kuza ne, da suka tafi aka mai da shi ɗakin karatu na kowa. Tana budurwa takan kawo musu itace, ta sauke a bayan kicin, ba ta taɓa ganin cikin zauren ba.

"Yau ta ƙofar gaba za mu shiga," in ji ta.

Ciki tsit, sai ƙamshin tsofaffin littattafai. Wani ma'aikaci ya miƙe tsaye. "Sannu da zuwa, Mama. Wane littafi kike so?"

"Wanda jikata za ta iya."

Ya kawo mai hoton zomo. Ina harhaɗa kalmomi da ƙyar, ita kuwa ta tuɓe takalma, ta jingina da kujera, ta lumshe ido. Har yau ban samu wanda ya saurare ni kamar ita ba.