Rabon Abokan Giwa

Sau uku ke nan na sauka duba akwatin wasiƙa, ko azahar ba a yi ba. Da na hawo, 'yata ta baza littattafai a teburin cin abinci.

"Baba, ƙabilar Creek, 'yan asalin ƙasar nan, sun rabu biyu a yaƙin 1814. Wasu sun ɗauki jan kulki sun yaƙi sojan Amurka, wasu sun bi bayan sojan. Malama ta ce mu zaɓi ɓangare."

"Zaɓi masu hankali," na ce, ina leƙen titin garinmu Hyattsville, a nan Amurka, ta taga. "Ba a ja da giwa."

Na san abin da nake faɗi. Shekara shida na yi wa sojan nan tafinta a Agadas, har 'yan unguwarmu suka daina amsa sallamata. Takardar yabon da suka ba ni tana rataye a falo. Ta izinin zama ce ta ƙi zuwa, wata goma sha tara.

"Masu kulkin, an kashe wajen ɗari takwas a rana ɗaya," ta karanta.

"Kin gani? To, abokan fa, me aka ba su?"

Ta bi layin da yatsa.

"An kira su taro, an ba su takarda su sa hannu. An ƙwace ƙasar, Baba. Har da tasu."

Na dubi takardar yabon a bango. Na ɗauki makullin akwatin, na sake sauka.