Shaidu Talatin

"Koma ka tambaye su wa ya faɗa musu."

Malaminmu, Malam Fannami, ya turo mini littafina, ko shafi na biyu bai buɗe ba. Raina ya ɓaci. Hutuna gaba ɗaya na ƙarar a fadamar Haɗejiya kan binciken da makarantar horon malamai ta ba ni: yaushe kogi ya bar tsohuwar hanyarsa? Mutum talatin na tambaya, duk suka ce shekarar da fara ta cinye amfanin gona. Ga shi Bature mai duba makarantu zai karanta aikin.

"Malam, mutum talatin fa!"

"In bakin mutum ɗaya suka ji, shaidarka ɗaya ce, Ja'afaru."

Na hau keke ina ƙunƙuni. Masuntan garin Baturiya suka ce wurin manoman shinkafa suka ji. Manoma suka tura ni Kirikasamma. Sau biyu ƙaya tana fasa mini taya. Daga ƙarshe kowa ya nuna Baba Zarami, tsohon mai fito wanda idonsa ya yi rauni.

"Baba, kai ka shaida abin da kanka?"

"Ina! Ni ban riƙe shekara ba. Wani ɗan makaranta ne ya zo da littafi kwanakin baya, ya ce, 'Baba, ba shekarar fara ba ce?' Na ce tunda mai boko ya faɗa, haka ne. Duk wanda na ƙetarar sai na gaya masa."

Ya karkato kunne wajena.

"Kai, muryarka ma sak irin tasa!"