Tawul ɗin da Ban Ɗaura Ba

Labulen wasan kwaikwayo na sauka, Baba ya miƙe yana tafi, hawaye har gemu.

"Azzalumai!" ya daka wa iyayen cikin wasan tsawa. "Yara suna son juna, kun kai su kabari saboda tsohuwar gaba!"

Haka yake yi duk shekara a zauren ƙauyenmu na bakin kogin Dnister, ni ce mai riƙe masa sanda.

A nan, idan masu neman aure suka zo, yarinya takan ɗaura musu tawul mai ado in ta yarda, in ta ƙi ta miƙa kabewa. Ina budurwa, wata uku na yi ina ƙawata nawa da jan zare. Ranar da dangin masoyina suka zo neman aurena, Baba ya fizge shi, ya danƙa mini kabewa, don cocinsu ba namu ba ne.

"'Yata, ba ni abin share fuska," in ji Baba bayan ya gama tafi.

Bana da shirina na zo. Na zaro tawul ɗin daga jaka.

"Share da kyau, Baba. Shekara talatin yana jiran wanda ya san zafin raba masoya."