Mai Wankin Ƙasar Asibi

Kwana goma sha biyu ke nan baƙon yana wanke ƙasar fadamar Asibi, kuma har yau babu wanda ya yarda da shi a ƙauyen Tabanni.

Tun bara da tankar mai ta kife a bakin titi, man ya malale cikin fadamar, ko ciyawa ba ta sake tsirowa ba. Ita kaɗai ce gonar da mijin Asibi ya rasu ya bar mata, ga 'ya'ya huɗu. Direban kuwa an ce ya faɗa daji a ruɗe, kuraye suka ƙarasa shi. Motar na nan kife, awaki na shan inuwarta.

Sai ga wannan mutum mai ɗingishi, wai shi Bakoji, ya ce zai gyara mata ƙasar kafin damina, tuwo kawai za a riƙa ba shi. Yakan haƙo ƙasa ya zuba a rabin duro, ya dama da ruwan toka da sabulun salo, ya kwalfe maiƙon da ya taso, ya ɗauraye ƙasar ya shanya. Bai taɓa tambayar iyakar inda man ya kai ba, daidai wurin yake sa fartanya.

Salmanu, ƙanen mijin Asibi, ya ce a ƙasar Birnin Gwari ba a wanke ƙasa don Allah. Tun zamanin Turawa, duk wanda aka gani duƙe yana dama ƙasa da ruwa, zinariya yake nema. Ga kuma 'yar jakar fata a wuyan baƙon, ko wanka zai yi ba ya cire ta. Hankalin Asibi ya tashi ƙwarai. In ta kore shi ta rasa damina, in ta ƙyale shi ya kwashe arzikin marayu.

Ranar kasuwa da hantsi Salmanu ya zo da mutum biyar, suka rirriƙe Bakoji a gaban Asibi.

"Uwargida, saura kaɗan," in ji Bakoji. "Ki bari in gama, sannan ku yi yadda kuka ga dama da ni."

Salmanu ya tsinke igiyar jakar, ya zazzage ta a tafin hannun Asibi. Babu ƙwayar zinariya ko ɗaya. Makullin mota ne, ɗaure da ɗan faifan ƙarfe mai lamba. Asibi ba ta yi boko ba, amma shekara guda ke nan kullum tana ganin wannan lambar a bayan tankar da ke kife bakin gonarta.