Ba Zan Saki Hannun Ba

"Yaya, dodon ya iso kanka, zaro takobi!" in ji ƙanwarsa, mai jan ragamar wasan labarin jarumai da suke yi a teburin falo duk Asabar, kowa da jaruminsa.

Ya ƙura wa ɗan jaruminsa na roba ido. Dokar wasan a fili take: ba ka zarar makami sai ka saki abin da ke hannunka. Hannun hagun jarumin ya karye, na damansa kuwa a cike yake.

"Ba zan saki ba."

Sabon maƙwabcinsu, wanda yau ya fara wasan, ya buga tebur. "Haba malam! Duka ɗaya ya rage ka mutu!"

"To, in mutu."

Ƙanwar ta ce, "Yaya, don Allah..."

Ya dubi kujerar gefensa, wadda ba mai zama kanta tun rasuwar matarsa. A wasanta na ƙarshe jarumarta ta zame a bakin rami, nasa ya cafke hannunta. Tana dariya ta ce a ƙarasa wani satin.

"A asibiti ɓamɓare hannuna aka yi daga nata," ya ce. "A nan kam ba mai raba mu."